Wasan Manoma: diramar da aka yi ba takarda a ƙauyukan Zazzau

Duk sanda aka tayar da zancen tarihin wasan kwaikwayo a nan Facebook, sai a fara daga Turmin Danya na 1990, in an matsa baya a ambaci Samanja da Kasimu Yero. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma akwai wani reshe da ban cika jin an ambata ba, alhali mu mutanen Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa shi ya fi shafarmu, don a kan manoma aka gina shi.

A 1975 wani Bature, Michael Etherton, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga Zambiya, ya kafa karatun dirama. Ɗakin wasan da aka gina musu ma na ƙasa ne, da fasalin gidan Bahaushe, yana nan a Samaru. Shi da Brian Crow da matasa irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka ga babu amfanin a yi ta wasa da Turanci ana tafa wa juna a cikin jami'a, ga ƙauyuka kewaye da su.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta fito da shirin nan na ciyar da ƙasa, rediyo na ta kiran kowa ya koma gona. Sai a 1977 ɗalibai suka nufi ƙasar Soba da abin da suka kira Wasan Manoma. Ga yadda suke yi: babu marubuci, babu takardar haddacewa. Za su shiga gari su zauna da mutane a gindin bishiya, a kasuwa, a bakin gona, su ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Su dawo su ƙulla ƙashin labari kawai, wane ne manomi, wane ne ɗan kwangila, ina rikicin zai kai. Magana kuwa a fili ake ƙirƙiro ta, da Hausa, kowa da abin da ya zo bakinsa. Daga Soba aka yi na Maska a 1979, sannan Bomo da ke kusa da Samaru.

Abin da ya fi birge ni shi ne sun soki kansu. Sun lura a farkon lamarin ɗalibi ne ke zuwa da saƙonsa, ya yi wasa, ya hau mota ya koma makaranta, manomi ya yi dariya ya koma gidan jiya. Sai suka juya tsarin: mutanen gari su shiga wasan da kansu, a tsayar da shi a tsakiya a tambayi 'yan kallo, to in kai ne ya za ka yi? Mai amsa ya fito ya gwada a gaban kowa. Tunanin Paulo Freire da Augusto Boal na Burazil ya yi tasiri a nan. Amma ni a ganina abin da ya sa ya karɓu shi ne Bahaushe ya riga ya san irinsa. Ɗan kama ba ya riƙe takarda. Yaran tashe a watan azumi ba wanda ya rubuta musu. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, a faɗi abin da ba ya faɗuwa da rana tsaka, a tashi lafiya.

Sai dai fa wasa bai taɓa sauke buhun taki a ƙofar kowa ba. Manomi zai gane wanda ke cutarsa sarai, gari ya waye mai cutar na nan a kujerarsa. Wannan na cikin abin da ya sa daga baya suka nemi haɗa kai da ƙungiyoyin gari, har a 1989 aka kafa ƙungiyar masu irin wannan wasa ta ƙasa, mai cibiya a Zariya.

Me ya tuno min da su? A 2020 gwamnatin Ganduje ta buɗe rugar makiyaya a dajin Ɗansoshiya, kuma har yau zancen gona da burtali da ruwa bai ƙare a yankinmu ba. Taro ake yi, manya su yi jawabi, a raba ruwan leda, a watse. Yaranmu kuwa ga su da waya suna barkwanci a TikTok, ba takarda su ma, kuma wallahi wasunsu sun iya. Da za a samu goma daga cikinsu su kwana biyu suna sauraron manomi da Bafulatani, ranar kasuwar Kwanar Ɗangora su buga wasan, su tsaya a tsakiya su tambayi mutane, ni zan ɗauki nauyin kuɗin mota. Mai sha'awa ya yi min magana.