Kaburbura biyu a Maijirgi

Jama'a, wanda ya taso daga Matameye ya bi Takieta zuwa Tasawa, ta Maijirgi zai wuce. Can aka binne Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ƙone garuruwa a 1899, har da Birnin Konni. Abin da ba mu cika faɗa ba, Turawan ba su kai goma ba. Baƙaƙen fata irinmu ne ke riƙe da bindigogin. Ran 14 ga Yuli Voulet ya ce su harbe Kanar Klobb da aka turo ya dakatar da shi, suka harbe.

Me ke sa mutum bin irin wannan umarni? A 1961 Stanley Milgram ya gwada a Amurka. An umarci mutane su jona wa wani lantarki, ba su san na ƙarya ba ne. Cikin 40, 26 suka kai maƙura. Amma da biyu suka ƙi a gabansu, 4 kaɗai suka ƙarasa.

Sojojin nan ma sai da suka haɗa baki. Ran 16 suka kashe Chanoine, washegari Voulet. Daga nan fa suka bi Laftanar Pallier, ƙarshen watan suka ci Damagaram.