Alheri

Daga Larabci muka aro kalmar nan, "al-khair". Harafin "al" ya manne mata kamar yadda ya manne wa alƙali da albasa. A bakin Bahaushe, alheri kyauta ce ko kyautatawa. In an tambayi labari ma, amsa "sai alheri".

A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fitowa cikakke a 1932, ita ke ɗaukar ma'anar "charis" ta Helenanci: tagomashin da Allah ke yi wa mai zunubi ba don ya cancanta ba. Zaɓin ya dace, domin abin da aka biya ka bayan ka yi aiki lada ne, ba alheri ba. A kan haka manzo Bulus ya kafa hujjarsa a wasiƙarsa ga Romawa, sura ta 4. Kiristocin Arewa har suna raɗa wa 'ya'ya mata suna Alheri.