Ƙwallon ƙafar 'yan mata a Nijeriya: salon wasa, renon 'yan wasa da matsayin arewa

Sau biyu tawagar Nijeriya ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekaru 20, wato Falconets, take kaiwa wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, a shekara ta 2010 da kuma 2014. Duka karon biyu Jamus ce ta raba ta da kofin.

Ƙannensu 'yan ƙasa da shekaru 17, waɗanda ake kira Flamingos, sun zo na uku a gasar da aka yi a Indiya a 2022.

Sai dai babbar tawagar ƙasar, Super Falcons, wadda ta ci kofin Afirka karo na goma a Maroko a watan Yulin 2025, ba ta taɓa shiga sahun ƙasashe huɗu na ƙarshe a gasar duniya ba, ko da yake ba a taɓa yin gasar ba tare da ita ba tun da aka faro ta a 1991.

Dalilin wannan rata yana da nasaba da yadda ake renon yarinya kafin ta sa rigar ƙasa, da kuma sassan ƙasar da ake zaƙulo 'yan wasan.

Gudu da ƙarfi

An san 'yan matan Nijeriya da gudu, da ƙarfin jiki, da rashin tsoron karo. Salonsu shi ne a ƙwace ƙwallo, a cilla ta gaba ko gefe ba tare da ɓata lokaci ba, a bar mai gudu ta yi tsere da 'yan bayan abokan karawa.

Gasar 2014 a Kanada ta nuna amfanin wannan salo ƙarara. Courtney Dike ta zura ƙwallo a ragar Koriya ta Kudu daƙiƙa 13 kacal da take wasa. A wasan kusa da na ƙarshe Nijeriya ta lallasa Koriya ta Arewa da ci 6 da 2, Asisat Oshoala ita kaɗai ta ci huɗu. Ta kammala gasar da ƙwallaye bakwai, ta karɓi kyautar wadda ta fi cin ƙwallo da ta gwarzuwar gasar baki ɗaya.

A wasan ƙarshe a birnin Montreal, Nijeriya ta samu damarmaki da dama amma ta kasa amfani da su, har aka shiga ƙarin lokaci, inda Lena Petermann ta ci wa Jamus ƙwallo ɗaya tilo.

Raunin salon kuwa yana fitowa ne a lokacin da ake bukatar a riƙe ƙwallo a kwantar da wasa. A karawar neman matsayi na uku a 2022, Flamingos sun kai ci uku da nema a kan Jamus, amma kafin alƙalin wasa ya tashi Jamusawan sun farke duka ukun cikin mintuna 20 na ƙarshe. Sai da aka kai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida sannan Nijeriya ta tsira da lambar tagulla.

A tsakanin yara masu shekaru 16, wadda ta riga sa'o'inta girma da ƙarfi takan yi rinjaye. Idan aka kai shekaru 23 kowa ya riga ya cika, sai wasa ya koma hannun wadda ta iya tarbar ƙwallo da kyau, ta san inda za ta miƙa ta tun kafin ta iso ƙafarta.

Tarihin tawagar Jamus da ta doke Nijeriya da ci biyu da nema a Bielefeld a 2010 abin lura ne. Alexandra Popp da Dzsenifer Marozsan da mai tsaron gida Almuth Schult duk suna cikinta, kuma bayan shekaru shida suka ci lambar zinariya a wasannin Olympics na Rio.

Yadda wasu ƙasashe ke reno

Masu horar da yara galibi sun yi ittifaƙi cewa tsakanin shekaru takwas zuwa 12 ne ƙafa ke koyon ƙwallo. A wannan lokaci ba a sa yara a babban fili 11 da 11. Ana raba su huɗu da huɗu ko bakwai da bakwai a ƙaramin fili, domin kowace yarinya ta taɓa ƙwallo sau da yawa, ta saba da yanke shawara a cikin matsi.

Japan ta buɗe makarantar ƙwallo ta kwana a Fukushima a 2006, ta yara maza da mata, inda ake haɗa karatu da atisaye. 'Yan wasanta ba su da girman jiki, don haka aka gina salonsu a kan gajeren fasin da yawan motsi. Ta ci kofin duniya na manya a 2011, na 'yan ƙasa da shekaru 17 a 2014, na 'yan ƙasa da 20 a 2018. Ita ce kuma ta fitar da Falconets a zagaye na biyu a Kolombiya a 2024.

Spaniya ta bi hanyar manyan ƙungiyoyi irin su Barcelona, inda ƙananan yara ke koyon salo guda da manya. Salma Paralluelo ta ci kofin duniya a matakai uku cikin shekaru biyar: a 2018 da 2022 da 2023.

Koriya ta Arewa, wadda Nijeriya ta yi wa ruwan ƙwallaye a 2014, ta buɗe makarantar ƙwallo a Pyongyang a 2013. A 2024 ta haɗa kofunan duniya biyu na matasan mata, ta sake cin na 'yan ƙasa da shekaru 17 a 2025.

A Nijeriya kuwa yarinya kan fara ne a kan titi ko filin unguwa a tsakanin yara maza, sau da yawa a ɓoye. Wannan na ba ta jarumta da iya yanka, amma ba ya koya mata tsayuwa a matsayinta ko karanta wasa. Kafin ta haɗu da koci mai takardar shaida, shekarun koyo sun riga sun yi nisa. Tawagogin ƙasa kuma ana tara su ne a sansani na 'yan makonni gabanin gasa, kuma cikin 'yan makonni abin da ya fi sauƙin ginawa shi ne ƙarfin numfashi.

Hatta rawar da Super Falcons suka taka a gasar duniya ta 2023, inda suka doke mai masaukin baƙi Australiya da ci 3 da 2, suka kuma riƙe Ingila babu ci har zuwa bugun fenariti, ta samu ne da taimakon 'yan wasan da aka rena a waje. Michelle Alozie da Toni Payne a Amurka suka tashi, Ashleigh Plumptre kuma ta buga wa ƙananan tawagogin Ingila kafin ta zaɓi Nijeriya.

Ba a rasa masu ƙoƙari a gida ba. Ƙungiyar FC Robo ta Legas ce ta reni Oshoala da Rasheedat Ajibade, mai tsaron gida Chiamaka Nnadozie kuma daga Rivers Angels ta Fatakwal ta tafi Faransa.

Rabin ƙasa ake tatsa

Tun da aka faro gasar lig ta mata a 1990, ƙungiyoyin da suka mamaye ta na kudu ne: Pelican Stars ta Kalaba, da Ufuoma Babes ta Warri, da Delta Queens, da Bayelsa Queens, da Rivers Angels. Daga arewa Nasarawa Amazons ta Lafiya ce ta ɗauki kofin, a 2013 da 2017. Adamawa Queens ta buga a rukunin farko. Babu wata ƙungiya daga arewa maso yamma, yankin da ya fi kowane yawan jama'a, da ta taɓa cin gasar.

Abin mamaki shi ne 'yan arewa sun daɗe a kan kujerar horarwa. Marigayi Isma'ila Mabo na Jos, tsohon ɗan wasan Mighty Jets, shi ya jagoranci Super Falcons a Amurka a 1999, lokacin da suka farke ci uku da Brazil ta yi musu kafin su faɗi da ci 4 da 3 a ƙarin lokaci. Wannan ne matsayi mafi girma da tawagar ta kai a gasar. Justine Madugu da ya ɗauki kofin Afirka a 2025 ɗan jihar Adamawa ne.

A garuruwa irin su Kankiya, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, da maƙwabciyarta Kusada, ƙwallo ba baƙuwa ba ce. Bayan sallar la'asar filayen makarantu kan cika, gidajen kallo kuma kan cika a ranakun da ake buga gasar Ingila ko Spaniya. Amma duka harkar ta samari ce. Wasannin da al'ada ta tanadar wa 'yan mata, kamar gaɗa da carafke, na dandali ne da tsakar gida, kuma da yarinya ta fara girma ake sa ran ta janye daga wasan guje-guje a bainar jama'a.

A farkon shekara ta 2000, lokacin da aka fara aiki da Shari'a a Zamfara, hukumomin jihar sun hana wasan ƙwallon ƙafa na mata. Ko a wuraren da ba a kafa doka ba, damuwar iyaye kusan iri ɗaya ce: gajeren wando, da cuɗanya da maza 'yan kallo da masu horarwa, da tafiye-tafiye zuwa wasu garuruwa, da abin da mutane za su faɗa idan maganar aure ta taso.

Wannan damuwa ba ta 'yan arewa ba ce su kaɗai. Asisat Oshoala, Musulma ce 'yar Ikorodu, ta sha faɗin cewa iyayenta sun ƙi amincewa da ƙwallon da take bugawa da farko. Daga baya ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, ta ci kofin zakarun Turai da Barcelona a 2021.

Batun sutura

Ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, aƙalla a dokar wasa, an riga an warware shi.

A 2007 aka hana sa hijabi a wasannin da ke ƙarƙashin hukumar kula da ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, bisa hujjar kare lafiyar 'yan wasa. A 2011 aka hana matan Iran buga wasan neman gurbin Olympics da Jordan saboda suturarsu. Bayan ƙorafe-ƙorafe, majalisar da ke tsara dokokin wasan ta ba da damar gwaji a 2012, ta kuma amince da rufe kai gaba ɗaya a watan Maris na 2014. Dokar ta kuma yarda a sa dogon wando mai kama jiki da riga mai dogon hannu a ƙarƙashin kayan wasa.

Gasar 'yan ƙasa da shekaru 17 da Jordan ta karɓi baƙunci a 2016 ita ce ta farko da aka ga 'yan wasa da hijabi a fili. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta sa shi a gasar duniya ta manya.

Maroko ta zuba kuɗi a harkar tun daga 2020, ta kafa lig na ƙwararru mai rukuni biyu, kuma cikin shekaru biyu ta fitar da Nijeriya a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Rabat. Saudiyya ta amince da darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata a 2017, ta kafa babbar gasar mata a 2022. Plumptre ta koma Al-Ittihad ta Jidda a 2023, Oshoala kuma ta sa hannu da Al-Hilal a 2025.

Wannan ba ya nufin malamai da iyaye a Katsina ko Kano za su ɗauki hukuncin FIFA a matsayin fatawa. Da yawa na ganin rufe kai kaɗai bai isa ba muddin maza na kallo.

Makaranta

A nan ne makarantun 'yan mata zalla ke da muhimmanci, domin suna da katanga, da fili, da malamai mata, kuma an saba da gasar guje-guje ta gida-gida a cikinsu. Wasan bakwai da bakwai ba ya bukatar fiye da rabin fili da ƙwallaye kaɗan. Abin da ya fi wuyar samu shi ne malama mai ilimin horarwa.

Akwai kuma fa'idar lafiya. 'Yan mata sun fi maza fuskantar tsinkewar jijiyar gwiwa, kuma wani bincike da aka wallafa a 2008 a kan 'yan mata kusan 1,900 masu shekaru 13 zuwa 17 a ƙasar Norway ya gano cewa atisayen ɗumama jiki na mintuna 20, wanda FIFA ke kira 11+, ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Atisayen ba ya bukatar wata na'ura.

Rashin tsaro ya taɓa wannan hanya. Bayan sace ɗalibai maza fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020, gwamnatin jihar Katsina ta rufe makarantun kwana na wani lokaci, kuma a irin wannan yanayi wasanni ne ke fara faɗuwa daga jadawali.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ƙaddamar da gasar makarantu ta 'yan ƙasa da shekaru 15 a 2022, maza da mata. Makarantar Fountain Gate ta Tanzaniya ce ta ci ɓangaren mata a karon farko, a birnin Durban a 2023.

FIFA kuma ta mayar da gasar 'yan ƙasa da shekaru 17 ta shekara-shekara, da ƙasashe 24, ta ba Maroko baƙuncinta daga 2025 zuwa 2029. Hakan na nufin kowace shekara sai an fito da sabon zubin yara. A karon farko a 2025, Italiya ta fitar da Flamingos a zagaye na biyu da ci huɗu da nema.