Zamani Riga: Tarihin Kwalliyar 'Yan Mata a Dandali da Wajen Biki a Ƙasar Hausa



Gabatarwa

Watakila wani a cikinku, da ya ga kan maganar wannan lacca, ya ce a ransa: yau kuma jami'a ta rasa abin tattaunawa sai zanen 'yan mata? To, ina roƙonsa ya tuna da wani abu da kusan kowane magidanci ya taɓa gani a gidansa. Yarinya ce 'yar shekara 14 ko 15, ƙawayenta sun gayyace ta walimar sauka, ko liyafar gama makaranta, ko yinin biki. Ta buɗe akwatinta, ta juya 'yan tufafin da ke ciki, ta rufe, sa'an nan ta ce kanta yana ciwo, ba za ta je ba. Uwarta ta san ba ciwon kai ba ne. Yarinyar tana tsoron ta shiga cikin sa'o'inta ne a gan ta daban.

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, wannan bukata ta yarinya ta saje da tsararrakinta tsohuwar aba ce, kakanninmu sun san ta, sun kuma tanadi hanyoyin biyanta. Tufafi sun canja sau da yawa cikin shekara 170 da suka wuce, bukatar kuwa tana nan. Abin da ya canja ƙwarai shi ne wanda nauyin biyanta ya hau kansa, da wanda ke yanke abin da ake kira ado.

Zamanin saƙi da shuni

Bari mu fara da ƙarni na 19. A shekarar 1851 Bature ɗan yawon duniya Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a Kano. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne sana'ar tufafi. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙuma wajen 300. Cikin kayan da ya ambata har da turkuɗi, watau baƙin zanen mata na rini. Karofin Ƙofar Mata, wanda har yanzu ake aiki a cikinsa, da marinan Kura da mabuganta, shaidu ne na wannan zamani.

Abin lura shi ne, tushen wannan sana'a duk yana hannun mata. Su ke gurzar auduga, su yi shiɓa, su yi kaɗi da mazari, sa'an nan zare ya je hannun masaƙa da marina. Saboda haka zanen da budurwa za ta ɗaura ran Salla sau da yawa daga zaren uwarta ko na kakarta ya fito. Kwalliyarta ta fita ita ce zanen saƙi ko na rini, da fatala ko kallabi, da jigida a ƙugu, da warwaro a hannu, da tsakiya ko murjani a wuya. Ta yi kitso, ta sa kwalli, ta ƙunsa lalle, ta yi zanen katambiri a fuska. Rabin wannan ado ba sayensa ake yi ba. Lalle shuka ce ta bayan gida, kitso kuwa ƙawa ce ke yi wa ƙawa.

Wurin nuna kwalliyar shi ne dandali a daren farin wata, da kasuwa ranar cinta, da gidan biki. Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Zazzau, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga shi a 1954, ta yi bayanin yadda 'yan mata ke taruwa su yi rawa gaban makaɗa, da yadda ake ƙulla ƙawance ana musayar kyauta. Wannan ƙawance shi ne maganin bambanci. Wadda ba ta da fatala ta ari ta ƙawarta, wadda ke da warwaro shida ta ba 'yar'uwarta biyu. Hausawa sun san kayan aro ba ya rufe katara, amma sun san yana fid da yarinya kunyar yini guda.

Kada mu ɗauka zamanin nan babu mai kuɗi da matalauci. 'Yar attajiri tana ɗaura zane mai ratsin alharini da aka ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus, ko saƙar tsamiya, alhali 'yar bawa a rinji da ƙyar take samun zane biyu. Amma a cikin unguwa guda, tsakanin talakawa, kayan duk kusan iri ɗaya ne, launinsu shuni da fari, yayinsu kuma ba ya wucewa da sauri. Zanen da yaya ta yi ado da shi, ƙanwa ma za ta yi ado da shi ba wanda zai yi mata dariya.

Jirgin ƙasa da atamfa

A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Gyaɗa ta riƙa gangarawa Ikko, yadin Manchesta na Ingila yana haurowa. 'Yan kasuwar Sham da Labanan suka kafa kantunan yadi a Fagge, wurin da ya zama Kantin Kwari. Atamfa, wadda asalinta kwaikwayon rinin mutanen tsibirin Java ne da masaƙun Holan suka yi, ta sami kasuwa a gaɓar Afirka ta Yamma tun ƙarshen ƙarni na 19, sa'an nan ta biyo jirgi zuwa Arewa. Keken ɗinki ya yawaita, riga irin ta buba ta shigo ta hannun Yarbawa, budurwa ta tashi daga ɗaurin ƙirji zuwa riga da zane da ɗankwali.

Atamfa ta kawo abin da saƙi bai sani ba, watau yayi mai saurin wucewa. Kowace shekara da sabon zane da sabon launi, mata kuma su laƙaba masa suna. Daga nan ado ya zama abin da ake biya da kuɗi tsaba. To, ina yarinya ke samun kuɗin? Amsa ita ce talla. Uwa tana cikin kulle tana yin ƙosai ko fura ko ƙuliƙuli, 'yarta tana kaiwa kasuwa, ana jefa riba a asusu ko a zuba adashi. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin aikin yara a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa da ribar talla ake tara wa yarinya kayan ɗakinta. Daga wannan asusun ne kuma ake fid da zanen Salla. Ba yabon talla nake yi ba, domin ta hana dubban yara mata karatu, ta kuma jefa wasu cikin haɗari. Abin da nake nunawa shi ne, a wancan tsari yarinya da uwarta su ke riƙe da hanyar kwalliyarsu, ba sai sun jira albashin maigida ba.

Masaƙu, Udoji da anko

A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, ta haɗa kai da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles. A 1964 aka kafa UNTL a Kaduna, wadda ta shahara da buga atamfa. Wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano. Atamfa 'yar gida ta sa 'yar leburan reluwe ta iya shiga biki da sabon zane, ko da bai kai Holan ba.

Sai zamanin man fetur ya zo. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas na Udoji, kuɗi ya cika gari, leshin Ostiriya da Suwizalan da shadda suka zama ma'aunin arziki, har gwamnatin soja ta hana shigo da leshi, masu fasa-ƙwauri suka ci gaba da kawo shi. A 1976 kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Wannan shiri ya yi abu biyu ga maganarmu. Kayan makaranta sun daidaita 'yar kwamishina da 'yar masinja daga safe zuwa azahar. Amma makaranta ta rage wa yarinya lokacin talla, ta kuma haɗa ta aji guda da 'ya'yan masu hali waɗanda a da ba za su taɓa haɗuwa a dandali ba. Nauyin kwalliya ya koma kan uba, ma'aunin kuma ya tashi daga na unguwa ya koma na gari.

Ana cikin haka ne al'adar anko, ko ashobi, ta yi ƙarfi a biranen Arewa. Daga ƙasar Yarbawa ta zo, inda dangi da abokai ke ɗinka yadi iri guda don nuna zumunci ga mai hidima. A kan fuskarta, anko dabara ce mai kyau: in kowa ya sa iri ɗaya, ba mai raina wani. Amma sharaɗinta shi ne a zaɓi yadin da mafi ƙarancin hali a cikin ƙawaye za ta iya saya. In aka zaɓi na ƙarfin mai kuɗi, sai abin da aka yi don haɗa kai ya zama ƙofa mai maigadi. A dandali wadda ba ta da sabon zane tana iya ɓacewa cikin taro. A bikin anko kuwa daga nesa ake gane ta.

Hijabi, fim da waya

Daga ƙarshen shekarun 1970 wata iska ta sake kaɗawa. Alhazan Nijeriya sun haura 100,000 a 1977, suna dawowa da tsarabar abaya da mayafai. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, makarantun Islamiyya na mata suka yawaita, hijabi ya fara daga ɗalibai ya bazu cikin gari. Bayan da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, Kano da wasu jihohi suka bi a 2000, sai ya zama suturar fita ta yawancin 'yan mata. Ta fuskar tarihin da muke bi, hijabi ya yi wa 'yar talaka wani amfani da ba a cika faɗa ba: yana rufe tsohuwar riga kamar yadda yake rufe sabuwa. Amma da an shiga cikin gida, taron mata zalla, an tuɓe shi, gasar tana nan yadda take.

A wannan zamani ne kuma masaƙunmu suka durƙushe. Karyewar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wutar lantarki, da kwararowar atamfar Sin mai araha, suka taru suka kashe su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abinci. Dubi yadda abin ya juya: atamfar da ta raba uba da aikinsa a Kakuri, ita ce 'yarsa ke iya saya ta yi anko.

Mai yanke yayi ma ya canja. Finafinan Indiya sun daɗe suna koya wa 'yan mata yafa gyale, finafinan Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990 suka ɗora, yau kuwa wayar hannu ce malama. Yarinya a Gumel tana kallon ɗinkin da aka sa jiya a Abuja ko Dubai. Hoto kuma ya hana maimaita kaya, domin rigar da aka gani a Instagram a wannan biki ta tsufa kafin na gaba. Bikin da a da kamu ne da yini da ɗaurin aure ya ƙaru da dina da ranar ƙauyawa, kowanne da shigarsa. Ranar ƙauyawan nan abin tunani ce: saƙin da kakanni suka yi ado da shi ya dawo, amma a matsayin kayan wasa na yini guda. Tun da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki naira a 2023, kuɗin yadi da na tela sun ƙara yi wa ƙaramin ma'aikaci nisa.

Kammalawa

Jama'a, in muka haɗa wannan tarihi za mu ga abu guda. A zamanin saƙi, zaren uwa da aron ƙawa su ke shigar da yarinya cikin sa'o'inta. A zamanin atamfa, asusun talla ne. A yau kuwa aljihun uba ne, ma'aunin kuma yana zuwa daga wurin da ba a san albashinsa ba. In aljihun ya kasa, ɗayan biyu ke faruwa. Ko dai yarinya ta janye jikinta daga ƙawaye ta zauna da ƙunci, ko kuwa ta karɓi kuɗin anko daga hannun namijin da ba don Allah ya bayar ba. Wannan na biyun shi ya sa maganar ta wuce wasa.

Ba za mu koma dandali ba, ba kuma za mu mai da yara talla ba. Amma hikimar magabata tana da sauran amfani. Uba ya daina ɗaukar maganar a kan shashanci, ya zauna da 'yarsa da uwarta a tsara abin da za a iya a shekara, a gaya mata gaskiyar hali. Uwar da ke fid da anko ta tambayi kanta wace ce mafi rauni cikin ƙawayen 'yarta, ta zaɓi yadi daidai ƙarfinta, ko ta ce launi kaɗai ya isa, kowa ta zo da abin da take da shi. Shugabannin makarantu, waɗanda wasunsu ke zaune a nan, suna da ikon ƙayyade shigar bikin yaye ɗalibai. Ku kuma ɗalibai mata, ku ne ƙannenku ke kallo. In kuka maimaita riga ba tare da jin kunya ba, in kuka ara wa juna mayafi ba tare da gori ba, kun sauke wa yara da yawa kaya.

Hausawa sun ce zamani riga ne. Gaskiya ne, amma riga ɗinka ta ake yi, kuma mai ɗinki yana da ikon yanka ta yadda za ta shigi kowa.