2.3 Kogi da Sarauta a Tsohuwar Masar da Mesofotamiya

A wannan sashe za a kwatanta al'ummomin biyu ta fuskar ruwan da suka rayu a kansa. A wancan zamani, kogin Nilu yakan yi ambaliya kowace shekara daga wajen watan Yuli, ya janye daidai lokacin shuka, ya bar laka mai albarka. Dijla da Furat kuwa sukan cika ne wajen Afrilu da Mayu, sa'ad da sha'ir ya kusa isa girbi, don haka tilas manomi ya gina madatsai da magudanai. Rabon ruwa da gonaki ya sa biranen Lagash da Umma suka daɗe suna yaƙi da juna.

An haɗe Masar ƙarƙashin sarki guda tun wajen shekarar 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), alhali biranen Sumer sun zauna kowane da sarkinsa har Sargon na Akkad ya murƙushe su wajen 2334. Haka nan Misirawa sun ɗauki Fir'auna abin bauta, suna kuma fatar lahira mai gonaki. Su kuwa Sumerawa wakilin gunkin gari suka ɗauki sarki, lahirarsu kuma gidan duhu ce da ƙura.

Sai dai a ganin mai wannan bincike, kuskure ne a jingina komai ga kogi. Naram-Sin, jikan Sargon, ya yi da'awar allantaka a Mesofotamiya, ita ma Masar ta wargaje wajen 2180, ta shafe fiye da ƙarni guda a rarrabe.