Zafi da Danshi a Fataucin Zangon Kumasi: Daga Goro zuwa Lemo

Tun kafin a kafa Zangon Kumasi, fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sun san cewa ribar ɗanyen kaya tana ga wanda ya iya ajiye shi. A ƙarni na 19 kasuwar Salaga ce matattarar goron Asante, amma bayan yaƙin basasar garin a 1892, da kuma mamayar Kumasi da Turawan Ingila suka yi a 1896, sai fatake suka gangaro kudu kusa da dajin da goron yake fitowa, Zango kuma ya bunƙasa, musamman da jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903.

Babban aikin shi ne hana goro bushewa a tafiyar watanni. Bayan an fasa kwanso, akan jiƙa ƙwayar har fatarta ta saki, a wanke, a bar ta ta yi gumi cikin kwanduna, sannan a naɗe ta da ganyen fita a ɗaure huhu, wato ƙunshin da ake ɗora wa jaki. A hanya kuma akan kwance huhun lokaci-lokaci, a tsince wanda sankara ta kama, a sabunta ganye, domin zafi na sa goro ya yamutse. Wannan wahala ce ta sa Alhassan Ɗantata da ire-irensa suka gwammace aika goro ta teku zuwa Ikko.

Lemon zaƙi, wanda ake nomawa a yankunan Asante da Gabas da Tsakiyar Gana, ya zo da akasin wannan ƙa'ida, domin shi ɗan zafi yana yi masa amfani. Wasu gidajen tattara lemo na duniya kan tsoma shi a ruwa mai zafin kusan digiri 52 na minti biyu ko uku, abin da ke rage funfuna, wato ruɓar nan mai kore da ke shiga ta inda ɓawo ya ƙuje. Idan dumamawar ta daɗe kuwa, tsami da bitamin C sukan ragu, ɗanɗano ya salance. Zafin da lemon ƴan tiredar Zango yake sha ba aunanne ba ne, na rana ne da na bayan mota, kuma tunda akan fere ɓawon kafin a jera shi a faranti, dole ne a sayar da shi a ranar.