Lissafin Gwaji: Daga Zamanin Wuri Zuwa Jami'a



Wataƙila kana da ɗa ko ƙane da ke karatu a jami'ar Yamai, ko ta Tawa, ko ta Doso. In ya zo hutu nan Ɗan Kassari, sai ka gan shi zaune cikin inuwa da littafi da alƙalami, shina rubuta lambobi, shina sharewa, shina sakewa. Ka tambaye shi, shi ce maka tambayoyin gwaji ne, abin da ɗalibai ke kira "tede". Malamai sunka ba su: na ƙididdiga, na tattalin arziki, na kasuwanci, da na ilimin sinadarai wanda suke ce ma "shimi". Kuɗin da ke cikin tambayar ba na kowa ba ne. Buhunan da shike ƙirgawa ba su cikin rumbun kowa. Sai ka ce a ranka: wanga wane irin aiki ne, mutum shi wuni shina ƙirga dukiyar da babu ita?

To, ka saurara ka ji tarihin wanga aiki. Ya girme ka, ya girmi kakanka. Kuma dalilinshi guda ne tun farko: a yi kuskure bisa takarda, don kada a yi shi ranar kasuwa.

Mu fara da ƙasar Masar. Shekara wajen 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa, wani marubuci mai suna Ahmes ya kwafi littafin lissafi mai tambayoyi fiye da 80. Littafin na nan ajiye a birnin Landan. Me ke ciki? Yadda za a raba gurasa tsakanin mutum goma ba tare da an zalunci kowa ba. Yadda za a san yawan hatsin da rumbu zai ɗauka. Yadda za a auna gona. Ka ga ke nan, tambayar rumbu ta daɗe a duniya.

Bayan haka, wajen shekarar 820, a birnin Bagadaza, malam Alkawarizmi ya rubuta littafin da ya ba aljabara sunanta. Babban sashe na littafin tambayoyin wasiyya ne da rabon gado. Wanga ilimi na rabon gado ya iso ƙasar Hausa tare da littattafan fiƙihu, irin su Risala. Malami kan zaunar da almajiri, shi kashe mutum da baki, shi ce a raba dukiyarshi. Ga misali, gwada da kanka. Mutum ya rasu, ba uwa ba uba, ya bar mata guda, da 'ya'ya maza biyu, da mace guda. Ya bar damen gero 40. Matar tana da kashi ɗaya cikin takwas, dame 5. Saura 35. Namiji rabo biyu, mace rabo guda, rabo biyar ke nan, kowane rabo dame 7. Kowane namiji 14, mace 7. Almajirin da ya yi irin wanga sau ɗari a zaure, shi ne ba ya raba zumunta ranar da anka kira shi gidan rasuwa.

Ƙasarmu ma ta fitar da gwanayen lissafi. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, Bafillace daga Katsina, ya rubuta littafi a 1732 bisa hatimin lambobi, irin wanda ake jera 1 zuwa 9 cikin gidaje tara, kowane layi shi ba da 15, ko tsaye, ko kwance, ko karkace. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Wancan lissafin malamai ne. Na 'yan kasuwa kuwa, da wuri anka koye shi. Bature matafiyi Barth ya iso Tasawa da Kano a 1851, ya tarar ana ƙirga wuri biyar biyar, ana tara shi tsibi tsibi. A Kano, dala guda ta azurfa wuri 2,500 ce a lokacin. Wuri 20,000 shi ne keso guda, wato dala 8. Mai ƙirga keso guda sai ya kai hannu sau 4,000. Yaron falke ba ya fara koyo da dukiyar ubangidanshi. Da tsakuwa ake fara mashi, ko da 'ya'yan itace, har hannu shi faɗa. Tsakuwar nan ita ce tambayar gwajinshi.

Sai Nasara sunka zo. A watan Afrilu na 1899 rundunar Bule da Shanuwan ta faɗa ma Lugu, garin Sarauniya, nan cikin ƙasar Ɗan Kassari. Bayan yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1904 da ta 1906, Arewa ta tabbata hannun Faransa, kumandan ya zauna Dogon Dutsi. Abin da ya biyo bindiga shi ne littafin ƙidaya. Anka ƙirga kawunan mutane don lanho, anka ƙirga bisashe don jangali. Mai rubutu shina rubutawa da harshen da talaka bai ji, da lambobin da talaka bai karantawa. In an rubuta ma gida mutum tara, alhali bakwai ne, maigida bai da hanyar ganewa, sai dai shi biya. Tun daga nan mutanenmu sunka ɗauki ƙidaya abin tsoro. In an ji masu ƙirga sun taho, sai a ɓoye yara, a kora shanu daji.

Kuɗi ma sunka sake. Wuri ya mutu, tamma ta zo. Sunan dala ya koma bisa kuɗin Faransa mai tamma 5, ya kuma zauna bisa sefa da anka ƙirƙiro a watan Disamba na 1945. Shi ya sa har yau kake da lissafi biyu a kanka. Takarda ta ce 100, bakinka shi ce dala 20. Takarda ta ce 1,000, ka ce jikka, wato dala 200. Tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, tana wanga juyi ba tare da ta tsaya ba. In ɗan ƙasar Najeriya ya miƙo mata naira, kuɗin da ya maye gurbin fam a 1973, ta sake wani juyin. Kada wanda ya ce maka jahila ce. Rubutun ne ba ta da shi.

Lakwal ta zo da nata tambayoyin, amma kaɗan sunka same su. Ran 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta samu mulkin kai, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Littattafan lissafi na Faransa kuwa sun yi suna da tambayar famfo mai cika kwarmin wanka, da ta jiragen ƙasa biyu masu gamuwa a hanya. Yaron da ke jan guga a rijiya mai gaba ashirin, a ƙasar da babu jirgin ƙasa, sai shi haddace amsa, bai ga abin da ya haɗa ta da gidansu ba.

Inda rashin lissafi ya fi ciwo shi ne gaban sikelin gujiya. Manomi ya yi noma, ya ɓare, ya ɗauko bisa jaki. Mai awo ya duba sikeli, ya faɗi abin da ya ga dama. Yi wanga lissafi. Gari ya kawo buhu 500. An rage kilo 2 ga kowane buhu. Kilo 1,000 ke nan, tan guda cur, ya fita hannun gari ba wanda ya ji ƙararshi. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don cinikin gujiya, ta kafa UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma. A 1963 anka buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci. Daga wajen 1966, a ƙasashen gujiya na gabas, anka fara sakar ma manoma kasuwanninsu. Gari shi zaɓi mai awo da marubuci daga cikin 'ya'yanshi. Kafin a buɗe kasuwa, sai a zaunar da su, a ba su awon ƙarya da kuɗin ƙarya, su rubuta, su tara, a gyara musu. Manya masu gemu sunka zauna suna tambayoyin gwaji kamar 'yan lakwal, ba su ji kunya ba, don sun san abin da sikeli ya ci musu.

Jami'a ta zo daga baya. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973. A 1992 anka sa mata sunan Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, masanin hasken rana, wanda anka haifa a 1929, ya rasu a 1991. Tun a 1964 ya rubuta littafi bisa ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin ƙasa. Doso ta samu tata jami'ar a 2014. Yanzu bari mu leƙa littafin ɗanka, ka ga ko tambayoyin nan baƙi ne gare ka.

Ga ta ƙididdiga. Ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya, a 1977, ta samu mutum miliyan 5 da 'yan kai. Ta 1988 miliyan 7 da 'yan kai. Ta 2001 miliyan 11. Ta 2012 miliyan 17. Tsakanin biyun ƙarshe, kowane mutum 100 na ƙaruwa da kusan 4 a shekara. Tambaya: shekara nawa jama'a za ta ninka? Amsa: wajen 18. Ma'ana, garin da rijiya biyu ke isa ranar sunan ɗanka, huɗu zai buƙata ranar aurenshi, gona kuwa ba ta ƙara faɗi. Ƙidayar da kakanka ya guje ma, yau da ita ake raba aji da likita da rijiya. Garin da ya ɓoye yaranshi, kanshi ya rage ma rabo.

Ga ta tattalin arziki. A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa da rabi. Tamma guda ta Faransa da ke sefa 50 ta koma sefa 100. Tambaya: maganin da anka sawo daga Faransa a tamma 1,000, nawa ya zama? Jiya jikka 50, yau jikka 100. Duk wanda ya je sayen magani ko taki a waccan shekara ya biya amsar da aljihunshi.

Ga ta kasuwanci. Mutum ya ci bashin buhu guda lokacin shuka, za shi biya biyu da kaka, bayan wata huɗu. Ɗalibi za shi gaya maka ƙarin ya kai 100 bisa 100 cikin wata huɗu. Irin wanga lissafi ne ya sa, tun ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma a Nijar sunka fara kulle hatsinsu a sito da kaka, su karɓi bashi a kanshi, su sayar in farashi ya tashi.

Ga ta shimi. Ita ma ba baƙuwa ba ce. Mai rini ya san tokar da baba ke so. Mai sabulu ta san ruwan tokar da mai zai ɗauka. Masu dafa gishiri a Foga sun san ƙasar da za su tace. Su da ido da hannu suke awo, ɗalibi da lamba. Buhun taki na kilo 50 mai lamba 15-15-15, sinadarin azot nawa ke ciki, wanda ke sa ganye shi yi kore? Kashi 15 cikin 100, kilo 7 da rabi. Farin taki da ake kira ure kuwa kashi 46 ne, kilo 23 cikin buhu. Buhu biyun nauyinsu ɗaya, cikinsu ba ɗaya ba. Ure ya fi azot, wancan kuma shina da wasu sinadarai biyu da ure bai da su. Wanda bai karanta lambar ba, da ka shike saye.

Ka ga ke nan, dukiyar da ɗanka ke ƙirgawa tana nan. Tana cikin rumbunka, da gonarka, da bashin da ke wuyanka. Ahmes, da almajiri, da yaron falke, da marubucin kasuwar gujiya, duk hanya guda sunka bi: sun yi ta yi har hannu ya saba. Ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife.

Saboda haka, in ka gan shi da littafin, kada ka ce zaman banza shike. Amma kada ka bar shi da tambayoyin littafi kaɗai. Kawo mashi naka. Gaya mashi damen da ka samu bana, da bakin da kake ciyarwa, shi gaya maka watan da rumbu zai ƙare. Kai ma ka sa hannu, kada ka bar mashi duka, don ranar kasuwa shina Yamai, kai ne gaban sikeli.

Ga guda ka fara da ita yau da dare. Masu bincike na Sadore, kusa da Yamai, sun nuna taki kaɗan cikin ramin shuka na ƙara amfanin gero. Awon shi ne giram 6 na 15-15-15 ga kowane rami. In akwai mita guda tsakanin rami da rami, hekta guda na da rami 10,000. Kilo guda giram 1,000 ne. Kilo nawa za ka saya ma hekta guda? Buhu guda na kilo 50 zai isa, ko sai an ƙara? In an ƙara, kilo nawa? Yi da kanka bisa ƙasa ko takarda, sannan ka kira yaron shi duba. In ka kuskure, share ka sake, ba ka yi asarar ko dala ba.

Allah shi ba mu damina mai albarka.